Cokali-Cokali

Mijinki ya yaudare ni, kuma ba zan yi shiru ba.

Da kuka ɗauko ni bayan rasuwar babanki, na rantse kwana biyu zan yi in koma ɗakina. Bai roƙe ni in zauna ba. Kujera kawai ya ajiye mini gaban akwatin gilashin nan nasa mai ruwan gishiri da yake kiwon kifi a ciki.

Ranar da ya sayo wani sabon ɗan jan kifi da murjani mai rai irin na ƙarƙashin teku, ya kashe fitila, ya bar ledarsu tana yawo a saman ruwan. Sai ya kwance ta, ya riƙa zuba musu ruwan akwatin cokali-cokali.

Na ce, "Juye su mana! Wannan wane irin sanabe ne?"

Ya ce, "Inna, ruwan gidansu daban ne. In na juye su lokaci ɗaya, mutuwa za su yi. Riƙe mini cokalin."

Jiya na koma gidana, zama ya gagare ni. Hankalina yana kan ɗan jan kifin nan, ko ya ci abinci.

Ashe ni ma cokali-cokali ya yi mini. Allah ya yi masa albarka, amma kira shi ya amsa mini: wa ya ba shi izinin raya ni?