Awarwaron Ƙofar Asibiti

Tun da aka sa wa kowa awarwaron nan mai auna damuwa a hannu, ƙofar asibiti ba ta buɗe wa mai damuwa. Wai tashin hankalin 'yan dubiya yana ƙara wa majinyata ciwo. In awarwaro ya yi kore ka shiga, in ya yi ja ka nemi inuwa.

Tabawa ta iso da kwanon kunu tun hantsi. Mudassir, ɗanta na fari, yana kwance a ciki, motarsa ta kife da shi. Tun haihuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari.

Ta ja carbi, ta sha ruwa, ta ƙirga motocin titi. Awarwaron dai ja wur. Kunu ya huce.

Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ita ta matso. "'Yar nan, dabarar ɗaya ce. Ki sa a ranki ya riga ya cika, an kai shi, kin haƙura."

Tabawa ta harare ta. Amma da la'asar ta gabato, sai ta rufe ido, ta binne ɗanta a zuci. Ƙofa ta buɗe.

Mudassir ya dubi koren awarwaronta, ya yi murmushin ƙarfin hali.

"Inna, dama na ce musu ke ba za ki sha wahalar shigowa ba."