Kunun da Tsoho Ya Ƙi Sha Shi Kaɗai

Zama da mai mutuwa aiki ne mai tsarki, kuma ladansa yana ajiye a sama. A nan ƙasa dai, yawancinsa wankin zanen gado ne.

An yi wata mai jinya a wani gida da ikilisiya ta gina a bayan majami'a, inda ake kawo waɗanda asibiti ya sallama ba don sun warke ba. Ita ke juya su, ta goge musu jiki, ta ba su magani, in lokaci ya yi ta rufe musu ido. Ayoyin Littafi Mai Tsarki kuwa a bakinta suke, tana raba su yadda take raba ƙwayoyi, safe da rana da yamma, ba ta taɓa haɗiye ko ɗaya da kanta ba. In matan zumunta suka kawo tuwo da kunun gyaɗa, sai ta rabar wa marasa lafiya da danginsu, ita ta kurɓi ruwa a tsaye. In an yi rasuwa, masu gaisuwa su durƙusa gaban dangi su ce, "Yaya haƙuri?" Ita kuma su ce mata, "Sannu da aiki," tun da mamacin ba jininta ba ne, ba ta da gurbi a tabarmar makoki. Fasto ya sa ta a wa'azi, ya ce ga baiwar Allah, ba ta gajiya, ba ta kuka. Kuskurenta ɗaya ne: ta yarda da shi.

Wata safiya tana goge fuskar wata tsohuwa da ke numfashi tukuna, sai ta kama kanta tana tunanin wanda za a ba gadon. Ta leƙa zuciyarta, ta tarar babu baƙin ciki, babu tausayi, wayam kamar randar da aka manta a rana. Ta ɗauka bangaskiyarta ce ta riga marasa lafiyar mutuwa. Ta ƙudura a ranta in wata ya ƙare za ta ajiye aikin, ba ta gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka aka kawo wani tsohon manomi, ciwo ya cinye shi har ba abin da ke wuce masa maƙogwaro sai kunu. Ta kai cokali bakinsa, ya datse 'yan haƙoran da suka rage masa. Ta zaci fid da rai ne, ta fara jawo masa aya. Ya ce, "'Yata, ajiye ayar tukuna. Tun da nake ban taɓa ci wani yana tsaye a kaina ba, ungulu ke yin haka. Zauna. Ina ludayinki?" Ta ce, "Na ci, Baba." Ya ce, "Ki yi hattara da ƙarya. Ni zan riga ki zuwa can, kuma bakina ba ya riƙe magana."

Kada a ce hikima ce. Taurin kai ne irin na mutumin da ya tsufa yana cin akushi ɗaya da 'ya'yansa. Amma magani ba ya zama a cikin da babu komai, don haka ta zauna. Shi cokali, ita ludayi, in ta yi ƙwange ya rufe baki. Da cikinta ya ɗauka, barci ya kwashe ta a kujerar da rana tsaka, tsohon ya hana a tashe ta. Haka suka yi ta yi kullum.

Wata rana ya ce ta karanta masa labarin annabi Iliya, wanda ya gudu daga sarauniyar da ta rantse za ta kashe shi. Ta karanta yadda ya zube ƙarƙashin wani ɗan itace a jeji, ya ce ya isa haka, a ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba, bai tuna masa da mu'ujizan da ya gani ba. Gurasa ya kawo da tulun ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci, don tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Ta sha karanta wa masu ciwo wannan wurin. Ranar ce ta fara lura cewa Iliya lafiyarsa ƙalau. Ma'aikaci ne da ya gaji.

Da tsohon ya rasu, ta rufe masa ido, ta ɗauko ƙwaryar kunu za ta wanke, ta ga cokalin da ludayin a ciki, sai kuka ya ƙwace mata, nasa da na duk waɗanda suka riga shi. Wasu suka ce bai dace da mai bege ba, sun manta Yesu ma ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa, alhali ya san zai tashe shi kafin rana ta faɗi. 'Yar tsohon ta taso, ta ja hannunta ta zaunar da ita a tabarmar dangi, ta ce, "Yaya haƙuri, Yaya?"

Kunun bai ƙara wa tsohon ko kwana ɗaya ba, likita bai yi kuskure ba. Wata ya ƙare, matar tana nan a gidan, tana ci a zaune, tana kuka in ta kama. Fasto ya daina sa ta a wa'azi.

Dama Hausawa sun ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.