Hular da Aka Shekara Ana Farkewa

Kai da ka zauna kana ta zayyana mini irin ɗinkunan da za ka yi bana, ajiye almakashin nan tukuna ka ji wani misali.

An yi wani mai ɗinkin hula, gwani na gaske, wanda ko kanka kamar kabewa yake in ya ɗinka maka sai ta zauna daram. Wansa ne ya rene shi, shi ya fara damƙa masa allura a hannu. To amma ka san halin masu sana'a. Duk garin kowa na yawo da hular mutumin nan a ka, ban da wan nasa. Shi wata tsohuwar hula yake fama da ita, ta koɗe, bakinta ya yi baƙi ƙirin da maiƙo, ko akuya ce ta tsince ta sai ta yi shawara kafin ta tauna. Ana nan sai yanar ido ta fara sauko wa gwani. Da hantsi yana ganin kafar allura, da la'asar sai dai ya yi ta cakar iska da zare. Ya san abin da ke tafe. Ranar cika-ciki ya ci tuwo da wutsiyar ragon layya ya yi nak, ya dubi kan wansa, kunya ta kama shi, nan take ya ɗaura niyya: shekarar nan ba zai taɓa hular kowa ba, guda ɗaya zai yi, ta Yaya, wadda ba za a sami karkace ko na zare ɗaya a jikinta ba, ya sa masa ita da hannunsa ranar babbar Sallah kafin idon ya rufe. Wan ya yi dariya ya ce, "Kai dai Auta, ko mara ado ce miƙo mini. Wannan kan nawa ba ya karanta zane, inuwa yake nema." Gwani ya ce a'a, shi ya san abin da yake yi.

Ya sayi yadi mai kyau da zare mai sheƙi, ya yi zane, ya duƙufa. Kafin Mauludi ya ci rabi. Ya ɗaga ta a rana, sai ya ga wani layi ya ɗan kwanta gefe, ya sa reza ya farke. Ya sake, ya ɗaga, yanzu kuma wani ne ya kwanta, ya farke. Matarsa ta karɓa ta juya ta ciki da bai, ta ce, "Malam, wallahi layin nan a miƙe yake kamar sandar rake. Idonka ne ya karkace, ba hular ba." Ya ce mace me ta sani a hula, ta je ta ji da tukunyarta. Alhali gaskiya ta faɗa, hazon idonsa ne ke lanƙwasa masa abin da hannunsa ya yi daidai, shi kuwa yana ta bin aikin kirki da reza. Masu kawo ɗinki suka yi ta zuwa yana sallamarsu, har suka gaji suka koma wajen waɗanda da can ko zare ba su isa su riƙe masa ba. Azumi ya zo ya wuce, ƙaramar Sallah wan ya je idi da tsohuwar hularsa. Guntayen zaren da aka farke suka taru a tsakar gida, har tsuntsayen unguwar suka koma yin sheƙa mai launi, su kaɗai suka ci ribar shekarar.

Ana jibi layya ya cire allura, ba don ya gamsu ba, don dai ya daina ganin abin da zai farke. Ya kai wa mai wankin hula, aka wanke, aka sa sitaci, aka ɗora ta a kan gungume za a buga ta ta yi ƙyalli. Abin da ya manta, shi da ya tsufa a sana'ar, yadi ma yana da iyakar haƙuri. Wurin da allura ta shiga ta fita, reza ta bi, allura ta sake bi, ya zama kamar rariya, zaren ado ne kawai ke riƙe da shi. Bugu na farko hula ta ce ɓarrr, ta rabe tun daga baki har tsakiyar ka. Gwani bai ma ga yagewar ba, jin ta ya yi.

Da cika-ciki ta zagayo, ga shi zaune a zaure, tuwo a gabansa ya kasa ci. Yana juya shekarar a ransa: hula ɗaya ya ce zai yi, ɗayar ma babu, masu kawo aiki babu, idon babu. Ya lalubo allura ya yi ta neman kafarta har ya soke yatsa. Wan ya shigo ya zauna kusa da shi, gwani ya kai hannu ya shafa kansa, ya ji maiƙon tsohuwar hular nan. Wan ya ce, "Bar shi, Auta, mun saba da juna ni da ita." Ita kuwa sabuwar, matar gwani ta ninke ta biyu, da ita take sauke tukunya. Duk garin babu tsumman da ya kai shi ado.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.