Cinyar Kaza a Kan Ciyawar Dwight

Da safiyar Asabar Wendell ya lallaɓa gareji, ya zare filogin ƙaramin akwatin nan mai jar fitila, sannan ya ajiye soyayyar cinyar kaza a tsakiyar ciyawar Dwight, mijin yayarsa Lorna, waɗanda yake zaune a gidansu.

Duk unguwar ta san ciyawar nan. Dwight yana aske ta sau biyu a mako, har da durƙusawa ya auna tsawonta. Saboda ita ya binne waya a ƙasa, ya jona ta da akwatin nan na gareji, ya sa wa karen gidan, Biskit, maɗaurin wuya mai batir. In karen ya taso daga bayan gida ya doshi ciyawa, maɗaurin ya yi ƙara. In ya ƙara taku ɗaya, lantarki ya ja shi. Biskit kuwa karen marigayiya mahaifiyar su Wendell ne, shi kaɗai ta bar wa Lorna.

Wendell bai nufi sharri ba. Mutumin da aka kora daga makaranta don ya kulle akuya a ofishin shugaba, ai zare filogi wasan yara ne a wurinsa. So yake kawai Sarkin Ciyawa ya leƙo taga ya ga kare a kishingiɗe yana walima. Ya wuce shagon kofi, ya ba abokai labarin sau uku, kowane karo yana ƙara masa gishiri.

Da ya dawo da rana, jar fitila tana ci. An mayar da filogi. Motar Dwight tana bakin gareji, injinta bai gama hucewa ba. Lorna tana tsaye a titi babu takalmi tana kiran Biskit.

"Wani ya zare filogi," in ji Dwight, a hankali, yana duban Wendell. "Ban ce kowa ba ne."

 Wendell ya san halin wayar nan: ba ta bambanta mai fita da mai shigowa. Karen da ya tsallaka titi lokacin da take a kashe, in ya juyo gida bayan an kunna, ita za ta kore shi. Ya tsince cinyar kazar daga ciyawa, tana nan yadda ya ajiye ta sai tururuwa, ya cusa ta can ƙasan kwandon shara.

Kwana uku yana yawo da ƙafa. Ya liƙa hoton Biskit a kowace falwaya, ya leƙa kwalbatoci, ya bi bakin babbar hanya yana duba duk abin da mota ta take. Ya daina zuwa shagon kofi. Lorna takan zuba abinci a kwanon karen da safe, da yamma ta zubar.

"Auta, kai kaɗai ka damu da ni a gidan nan," ta ce masa ran Talata, ta miƙo masa kofi. Ya ajiye kofin bai sha ba.

Dwight dai mutumin kirki, bai sake ta da maganar filogi ba. Har dafa masa kafaɗa ya yi. "Ka huta haka nan, ɗan'uwa. Kare ne." Ya koma kan injin askin ciyawarsa yana fito.

Ran Laraba Wendell ya yanke shawara. Zai zaga ƙauyukan gefe sau ɗaya, in bai dace ba ya dawo ya faɗa wa Lorna gaskiya, ko da za ta watso masa kayansa waje. Ya zari makullin motar Dwight ba tare da tambaya ba, yadda ya saba.

Motar tana warin kare. A kujerar gefe ga gashi ja-ja. Ya ce a ransa alhaki ne ya fara yi masa gizo. Hawaye suka zubo masa a mahaɗar hanya, ya tsaya, ya buɗe aljihun gaban mota yana laluben abin share fuska.

Hannunsa ya fito da maɗaurin wuyan Biskit, an kwance shi tsaf, an naɗe shi cikin takardar wani gidan karɓar dabbobi mai nisan awa biyu: miƙa kare ɗaya, safiyar Asabar, da sa hannun Dwight a ƙasa.