Shuɗiyar Lamba

Idan mutum ya yi magana da layukan da na'ura kaɗai ke karantawa, ya yi magana ko ya yi shiru? Mai kanti ya shekara bakwai yana juya wannan tambaya a ransa.

Tun da suka ɓata da ƙanensa kan gidan mahaifinsu, ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Amma ƙanen bai daina yi masa lambobin kaya ba. Yakan rubuta sunan kowane kaya a kwamfuta, ta mayar da shi siraran layuka, ya buga. Farkon kowane wata, da safe, sai a zuro ambulan ta ƙarƙashin ƙofa. Lambobin ciki duk baƙaƙe ne, sai guda ɗaya shuɗiya wadda ba ta kowane kaya ba ce.

"Haska ta da na'ura mana, maigida," in ji matarsa. "Ba cizo take yi ba."

"Mai magana ya zo da bakinsa."

Sai ya manna ta a bango. Suka taru har bangon ya koma kamar ruwan sama da ya tsaya cak bai kai ƙasa ba.

Wannan watan ambulan ya zo babu shuɗiya. Ya zazzage shi sau uku.

Ya ɗauki na'urar, ya shiga haska shuɗayen da ke bango. Ta farko ta yi ƙara, ta biyu, ta tamanin, duk magana ɗaya ke fitowa: "Yaya, ina waje. Ka leƙo."

Ko takalmi bai saka ba ya buɗe ƙofa.