Kan San da Aka Babbake da Kara

Zauna nan, Tanimu, ka rage murya. Tun daga zaure nake jin kana tsine wa ma'aikatan gwamnatin jiha, wai sun tare ka a hanya sun ce motarka tana zubar da hayaƙi, ka gyara ko su hana ta fita. Ni ban yi boko ba, amma motar nan na gan ta da idona. In ka tayar da ita, har kajin gidan nan watsewa suke yi. Saurara in ba ka misali.

Akwai wani mutum a bayan mahauta, sana'arsa babbakar kai da ƙafa da ganda. Wurin gadonsa ne, a nan ubansa ya tsufa yana babbaka da kara da ƙirare. Shi kuwa da ya ga tsohuwar tayar mota ta fi araha, wutarta kuma ba ta saurin mutuwa, sai ya koma mata, sauran masu babbaka suka bi shi. Tun hantsi hayaƙi baƙi ƙirin zai turnuƙe, iska ta kwashe shi ta kai unguwar da ke gabas da su. Mace ta shanya farin wanki, ta kwashe shi da ɗigon baƙi. Yara su wuni suna tari, tsofaffi su rufe taga da rana tsaka. Masana sun ce idan rana ta dafa irin wannan hayaƙi haɗe da na motoci, yakan haifi wata iska mai yaji wadda ido ba ya gani, ƙirji ne kaɗai ke sanin ta iso. An faɗa mini sunanta, ban riƙe ba.

Sai gwamnatin jiha ta kafa doka, ta hana ƙona taya, ta turo ma'aikacinta ya ba masu babbaka wa'adi zuwa bayan babbar sallah. Mai babbaka ya kasa cin abinci. A ransa ya yanke cewa ba hayaƙi ne ya dami hukuma ba, filin ubansa take so, ko kuma ma'aikacin ne ke neman rabonsa. Don haka ya yi abin da ya saba gani ana yi. Ya zaɓi kan sa mai kyau ya kai gida, ya hura wutar kara kamar yadda yake yi idan na tukunyar iyalinsa ne, ya babbake shi a natse, ya kankare, ya wanke har ya yi ja kamar gasasshiyar masara. Ya lulluɓe shi a daro ya kai wa ma'aikacin har ƙofar gida.

Ma'aikacin ya buɗe daron, ya sunkuya ya sansana, ya goga yatsa a kunnen san ya duba. Babu baƙi, babu warin roba.

"Baba, wannan da me ka babbake shi?"

"Da kara, yallaɓai. Haba, ai naka ne. Ina ni ina kawo maka na taya?"

"To na tayar wa ke ci?"

Ma'aikacin ya rufe daron, ya tura masa.

"Ɗauki kayanka, Baba, ka kai wa yara su sha romo. Ni ba wurinka nake so ba, ba kuma kan sa ba. Abin da ka yi mini yau, shi nake so ka yi wa mutanen gari."

Haka ya ɗauko daronsa ya koma, kan san ya fi masa nauyi a dawowa. Da wa'adi ya cika, ma'aikacin ya zo da babbar mota aka kwashe tayoyin nan kaf. Amma ba da mota kaɗai ya zo ba, ya zo da magina. Aka gina musu murhu mai rufi, aka haɗa musu wutar gas, aka koya musu yadda ake riƙe bututunta. Waɗanda suka koma ƙona taya a ɓoye aka garƙame rumfunansu, har da wani ɗan'uwan matar ma'aikacin, bai ɗaga masa ƙafa ba. Irin wannan ma'aikaci nake kira ɗan halak.

Ba zan yi maka ƙarya ba, mai babbaka ya yi gunaguni. Gas ya fi taya tsada, riba ta yi siriri, har ya ƙone gemu kafin hannunsa ya saba. Amma masu sayar da farfesu da suka daɗe da guje masa saboda ɗacin roba sun dawo ɗaya bayan ɗaya. Wata rana wata dattijuwa daga unguwar gabas ta zo sayen ƙafa da farin mayafi, ta tsaya a gaban murhun ana ciniki, ta tafi mayafinta fari. Filin nan kuwa ko taku ɗaya hukuma ba ta ɗauka ba. Mai babbaka yana nan a wurin ubansa.

To kai, an karɓe maka motar? An ce ka ba su rabin lodinka? Gyara aka ce. Gobe in Allah ya kai mu ka kai ta wajen bakanike kafin ka ɗora mata ko buhu ɗaya, kuma kada in sake jin ka zagi mutanen nan a gidana. Hausawa sun riga sun faɗa: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.