Wuƙar Auren Dabino

Na ajiye wuƙar a gaban tsohon da ke shugabantar gidan zuhudunmu a hamadar Masar.

"Abba, sa mini albarka, zan dandaƙe kaina. Shekara uku ina azumi, amma fuskar yarinyar da na bari a ƙauye ta ƙi barina. Ai an yabi masu yin haka saboda Mulkin Sama."

Ya yi dariya da siririyar muryar nan tasa.

"Ɗana, ka taɓa tambayar abin da ya hana ni gemu? Ina ɗan shekara tara masu fataucin bayi suka yi mini abin da kake roƙo. Duk da haka na shekara ashirin ina mafarkin wata mai ɗibar ruwa a bakin Nilu. Wuƙa ba ta kaiwa wurin."

Ya miƙo mini wuƙar. "Hau ka yanko furen namijin dabino, ka ɗaura wa matan dabinon."

Da kaka ta yi, na kawo masa nonon dabino na farko.

"Tana nan?"

"Tana nan, Abba. Yanzu addu'a nake yi mata."